Bikin Al'adu a Kwarin Tarka: Na Wane Ne, Kuma Don Mi?

(Jawabin da aka gabatar a Rumbu, gundumar Dakwaro, jahar Maraɗi, a zaman shawara kan shirya bikin al'adu bayan girbi.)



Iyayenmu masu gari, Allah shi ja zamaninku. Malamai, Allah shi gafarta muku. Shugabannin makiyaya da kunka taso tun daga arewa, sannunku da hanya. Iyayenmu mata, sannunku da rana, mun san aiki kunka bari a gida. Samari da 'yan mata, ku matso kusa, don rabin maganar ga taku ce.

Tun ran da anka fara zancen wanga biki akwai tambaya guda da ke yawo cikin gari. Wanda ya faɗa mini ita ƙiri-ƙiri wani dattijo ne a kasuwar Sakabal. Ya riƙe mini hannu ya ce, ɗana, mutanen da ba su san ko hatsin bana zai kai su bazara ba, su za ku tara ku yi wa kiɗa? Ban ba shi amsa ba a ranar, don tambayar tana da nauyi, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: rumbuna da yawa ba su cika ba, samarinmu da dama suna Libiya, Aljeriya, Najeriya ko wuraren haƙar zinariya. Yau nake son in gwada ba shi amsa a gabanku. In amsar ba ta gamsar da ku ba, mu bar zancen biki, mu kama wani aikin.

Bari in fara da inda muke zaune. Kwarin Tarka ba wuri ba ne kamar kowane wuri. A nan ne gona take ƙarewa, makiyaya ta fara. Tun 1961, shekara guda bayan samun 'yancin kai, gwamnati ta yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, ta ce abin da ke bayanta na kiwo ne. Amma takarda ba ta hana mutum yunwa. Jama'a ta ƙaru, ƙasar kudu ta gaji, gonaki sunka yi ta hawa arewa. Fari kuma ya yi ta turo makiyaya kudu: na 1973, na 1984 da iyayenmu ke kira El Buhari, da na 2010 da ya zubar da bisashe a ƙasar Dakwaro har mutum ya rasa inda zai sa ido. Sakamakon shi ne Bahaushe da Bafulatani da Buzu suna shan rijiya guda, suna cin kasuwa guda, kuma kowace shekara in kaka ta gabato gaban kowa yana faɗuwa. Manomi yana kwana a gona da sanda. Makiyayi yana tafe da garke ya tarar an shuke burtalin da ubansa ya bi.

Mu mutanen Maraɗi ba sai an ba mu labarin inda wannan ke kaiwa ba. A ƙarshen watan Oktoba na 1991, lokacin da manyan ƙasa ke zaune a Yamai suna babban taron ƙasa, a Toda an kashe mutum fiye da 100, mafi yawansu mata da yaran Fulani, kan rikicin gona da dabba. Allah shi jiƙansu, shi hana mu ganin irin ranar. Bayan nan an yi dokoki: dokar tsarin karkara ta 1993, wadda ta kawo mana kwamitocin filaye tun daga ƙauye har gunduma, da dokar kiwo ta 2010, wadda ta ce yawon kiwo haƙƙi ne. Dokokin suna da kyau. Sai dai ku dubi yadda muke haɗuwa yau. Yaushe ne manomi da makiyayi ke zama tabarma guda? Ran da saniya ta shiga gona. Ran da za a ƙiyasta ɓarna. Ran da za a je gaban mai gari ko jandarma. Wato duk haɗuwarmu ta zama ta ɓacin rai. Yaron da ya tashi a haka, in ya ji an ce Bafulatani ɓarna yake gani, ɗan rugga kuma in ya ji an ce Bahaushe tara yake gani.

To, amsata ta farko ga dattijon nan ita ce wannan: muna son rana guda a shekara da za mu haɗu ba don an yi laifi ba. Zumunta a ƙafa take.

Kuma ba wani sabon abu za mu ƙirƙiro ba. Kakanninmu sun san wannan dabara tun kafin a haife mu. Taubasantaka mi ce in ba hanyar kashe wuta da dariya ba? Bagobiri ya tsokani Bazabarme, Bafulatani ya tsokani Babarbare ko Ba'are, Buzu da Bazabarme su yi ta yi, a faɗi maganar da a bakin wani da sai an zare takobi, amma a tashi ana dariya. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin gadon ɗan Adam. Shekara guda kafin nan, a 2013, an sa imzad, gogen nan mai tsirkiya guda da matan Buzaye ke kaɗawa, da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. A arewa da mu, ƙasar Barmo, Woɗaɓe suna taruwa ƙarshen damina su yi gerewol, har daga Turai an sha zuwa kallo. A Ingal ana yin babban taron makiyaya na shan gishiri a watan Satumba. Kokowa kuwa, tun da anka fara gasar takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, ba abin da ke tsayar da ƙasar ga cak a bakin rediyo kamar ta. Duniya ta san darajar abin da muke da shi. Mu ne muke wucewa ta gefensa kamar bai da mai shi.

Ni a garinmu akwai wani tsoho mai gangar noma. Muna yara, in an yi gayya shi ke bin bayan manoma, yana kiran kowane saurayi da kirarin gidansu har kaka na uku, sai ka ga mutum ya manta da rana yana tsaga ƙasa da hauya. Ba kiɗa kawai yake yi ba. Shi ya san wane gida ya fara sauka garin, daga ina sunka taso, wa ya gina tsohuwar rijiya, wane arɗo ne ya fara shayarwa a cikinta da kuma sharaɗin da anka yi. Ya rasu shekarun baya. Ɗansa yana aikin gini a ƙasar waje. Da na je gaisuwa na tarar da gangar rataye a zaure, fatar ta tsage, gara ta fara cin icen. Bara da gardama ta tashi kan rijiyar nan, kowa ya kawo nashi zance, ba wanda zai raba. Ran nan ne na gane ba ganga kaɗai munka binne ba.

Yanzu ku ba ni dama in ɗauke ku zuwa nesa kaɗan, don wani lokaci sai ka leƙa gidan wani kake gane naka. A Amurka akwai mutanen da asalinsu daga Meziko ne da sauran ƙasashen Latin Amurka masu magana da Sifaniyanci. Ana ce musu Latino ko Hisfanik. A ƙidayar 2020 sun haura miliyan 60, wato sun ninka mutanen Nijar fiye da sau biyu. Da yawansu 'yan cin rani ne kamar 'ya'yanmu, ko jikokin 'yan cin rani: masu tsinkar 'ya'yan itace a gonakin wasu, magina, masu shara, masu dafa abinci. An daɗe ana yi musu kallon baƙi, har a yankunan da kakanninsu sunka riga kowa zama. A 1968, zamanin shugaba Lyndon Johnson, an ware musu mako guda na tunawa da al'adunsu. A 1988, zamanin Ronald Reagan, anka mayar da shi wata guda, daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba. An zaɓi 15 ga Satumba ne don ita ce ranar 'yancin ƙasashe biyar nasu, Meziko kuma tata ranar 16 ce. Ku lura da lokacin: daidai sa'ad da mu ke yankan hatsi, Woɗaɓe ke shirin gerewol. A watan nan unguwanni suna rufe titi, a fito da kiɗa da rawa da abinci da zane-zane, yaran da anka haifa can su ji harshen kakanninsu a bainar jama'a ba tare da kunya ba.

Amma ba watan gwamnati ne ya fi jan hankalina ba. Abu biyu ne da talakawansu sunka yi da kansu.

Na farko, a 1965 ma'aikatan gonakin inabi a garin Delano na jihar Kalifoniya sun shiga yajin aiki kan ƙarancin lada. Cikin jagororinsu akwai Cesar Chavez. Wani saurayi mai suna Luis Valdez ya haɗa 'yan ƙodagon nan ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ba su da ɗakin wasa, bayan babbar mota ce dandalinsu, a bakin gona. Ba su da kayan ado, sai su rubuta a kwali su rataya a wuya: wannan shi ne mai gona, wannan shi ne ɗan ƙodago, wannan shi ne mai karya yajin aiki. Mutanen da ba su taɓa ɗaga ido gaban mai gona ba sai ga su suna dariyar kwaikwayonsa. Yajin ya kai shekara biyar, a 1970 masu gonaki sunka sa hannu a yarjejeniya. Ku gaya mini, mi ya raba wannan da wasan kara namu, inda samari bayan girbi ke yin kayan sarauta da karan dawa su kwaikwayi sarki da alƙali da gwamna, a faɗa wa manya gaskiya cikin raha?

Na biyu, a birnin San Diyego akwai unguwar 'yan asalin Meziko da anka ratsa da babban titi da gada, anka rushe gidaje masu yawa. An yi musu alkawarin fili a ƙarƙashin gadar don yara su samu wurin wasa. A watan Afrilu na 1970 sai sunka wayi gari da motocin gini za a yi ofishin 'yan sanda a wurin. Mata da ɗalibai da tsofaffi sunka fito sunka zauna a filin kwana 12, suna shuka itatuwa, har hukuma ta janye. Bayan 'yan shekaru masu zanensu sunka cika ginshiƙan gadar da hotunan tarihinsu. Kowace shekara a watan Afrilu suna taruwa can su yi biki, kuma yau gwamnatin ƙasar da kanta ta sa wurin cikin wuraren tarihi. Abin da na ɗauka a nan shi ne, filin da jama'a ke taruwa a cikinsa kowace shekara yana da wuyar ƙwacewa. Shaidunsa sun yi yawa.

To ga amsata ta biyu. In munka yi bikinmu a bakin burtali, kusa da mashaya, a gaban masu gari da shugabannin makiyaya da kwamitin filaye, anka bi iyakar da ƙafa, maroƙi ya faɗe ta da baki, yara sunka gani da idonsu, wanda zai zo baɗi ya shuke wurin sai ya yi tunani sau biyu. Wanda kuma zai saki garke cikin dammunan mutumin da sunka ci tuwo akushi guda, shi ma sai ya ji nauyi. Hukuma tana sa ranar sakin gonaki kowace shekara, amma sau nawa labarin ke isa rugga a kan lokaci? A faɗe ta a filin biki, da Hausa da Fulatanci da Tamajek, kowa ya ji da kunnensa.

Sai dai akwai irin bikin da ba na so mu yi, kuma na taɓa ganinsa. Wata shekara wani shiri na masu ba da agaji ya kawo bikin al'adu a wani gari cikin jahar ga. An kafa rumfa, an jera kujeru, baƙi sunka zauna a inuwa da ruwan sanyi. Mu masu garin anka ja mana igiya, muna tsaye a rana. An ɗauko samarin Woɗaɓe a mota tun safe, an sa su yin kwalliya, sunka yi rawa minti goma, anka ɗauki hoto, anka ce su matsa. Wata tsohuwa da ta zo da faya-fayen da ta yi wata biyu tana saƙawa, ba wanda ya tambaye ta ko sunanta. Jawabai duka da Faransanci. La'asar na yi motoci sunka tashi, anka bar mana ƙura da ledoji. Baɗi ba a sake ba, don kuɗin shirin sun ƙare. Wannan ba bikinmu ba ne, mu ne abin kallo a bikin wasu.

Don haka ina kawo shawarwari biyar, ku duba ku gyara.

Ɗaya, kuɗin farko su fito daga gare mu. Kowane gida tiya guda ta hatsi, kowace rugga abin da ta iya, ɗan akuya ko ƙwaryar nono, 'yan kasuwa da 'yan cin rani jikka ɗaya ko biyu. A rubuta, a karanta a bainar jama'a kafin biki da bayansa. In mairiya ko wata ƙungiya ta kawo gudummawa muna godiya, amma ta zo ta tarar da tukunya a kan wuta. Wanda ya biya makaɗi shi ke zaɓar waƙa.

Biyu, kada wata ƙabila ta zama mai gida, wata ta zama baƙuwa. A kwamitin shiri a samu Bahaushe da Bafulatani da Buzu, a samu mata, ba don cika lissafi ba. In an buga kalangu da gurmi a ba tende lokacinsa, a bar raƙuma su yi zagayensu. In an yi kokowa da langa, a bar makiyaya su nuna shanunsu, su bayyana wa yaranmu habbanaye, yadda mutum ke ba ɗan'uwansa aron saniya ta haihu a hannunsa ya riƙe 'yan maruƙan ya mayar da uwar. Masu ilimin zamani suna ta rubutu a kan wannan tsari, mu da ke maƙwabtaka da shi ba mu san shi ba.

Uku, iyayenmu mata su samu rumfarsu a tsakiyar fili, ba a bayan gari ba. Masu tabarmar kaba, masu faifai, masu sassaƙar ƙwarya, masu aikin fata, masu cuku da man shanu, masu kiɗan ƙwarya da shantu. Su sa kuɗin kayansu da bakinsu, ba dillali. Ga amsa ta uku ga dattijona: biki kasuwa ne. Matar da ta sayar da tabarmi biyar ta samu kuɗin tiyoyin da za su ƙara mata kwanaki.

Huɗu, mu zauna da malamanmu tun yanzu, ba sai an kafa rumfa ba. Mun tuna abin da ya faru a Maraɗi da Yamai a shekarar 2000, lokacin da rikici ya tashi kan bikin nuna tufafi na FIMA, anka yi ƙone-ƙone. Kowa da yadda yake kallon lamarin, amma darasin da ni na ɗauka shi ne, abin da ba a yi shawararsa da mutane ba, ko da niyya mai kyau, yana iya zama fitina. Namu bikin da rana za a yi shi, a tsaya lokacin salla, ba giya, ba caca, ba ƙwaya, a watse kafin dare ya yi nisa. A buɗe da addu'a, a rufe da addu'a. A ba almajirai da masu waƙoƙin wa'azi nasu lokaci, su ma gadonmu ne. Abin da malamai sunka ga ya saɓa, su faɗa mana a zaure, mu tattauna cikin mutunci.

Biyar, kuma wannan taku ce samari. Wayar da ke aljihunku tana ɗaukar murya. Kafin ranar biki kowane ɗayanku ya je wurin tsoho guda ko tsohuwa guda, ya zauna, ya tambaya: daga ina munka zo, wa munka tarar, ina burtali ya bi, wace waƙa kuke yi in ana daka, wane suna kunka sa wa yunwar shekara kaza. Ku nemi izininsu kafin ku ɗauka, kuma ku mayar musu su ji. A ajiye a lakwal, a kai wa gidan rediyon karkara, a tura wa 'yan'uwanmu da ke cin rani ta WhatsApp, su san ba a manta da su ba. Kada kuma 'yan siyasa su mayar mana da fili wurin kamfe: duk wanda ya zo, ya zo da hularsa, ya bar tutarsa a gida.

Iyayena, kun san sassaben zamani, a jahar ga ya fara a shekarun 1980. Da can in za a yi sharar gona sai a sare kowane tsiro. Sai anka gane kututturen da muke gani kamar matacce saiwarsa tana da rai, abin da yake so kawai a bar mishi reshe biyu ko uku, a kiyaye shi daga gatari da baki. Yau dubi gawo da kalgo da sabara a gonakin da a da ba inuwar da akuya za ta laɓe. Ban ce al'adarmu duka za ta dawo ba, kuma ba duka ce ya kamata ta dawo ba. Amma masu sani ba su ƙare ba. Ga su nan zaune cikinmu, wasu ma ina kallonsu. Shekara goma nan gaba ban san nawa za mu tarar ba.

Biki ba zai cika rumbu ba, ba zai sa a yi ruwa ba. Wannan gaskiya ce, kuma in na sake ganin dattijon Sakabal haka zan fara gaya mishi. Amma rikicin kaka guda yana cinye abin da ya fi kuɗin biki goma: gona ta tafi, bisashe su tafi, a kwashe magidanta a kai kaso, a bar mata da marayu. Rigakafi ya fi magani.

Abin da nake roƙo kafin mu tashi shi ne a fitar da mutum tara, uku daga kowane ɓangare, cikinsu a samu mata aƙalla uku, su zauna ran kasuwa mai zuwa su kawo mana rana da wuri. Ni kuma na ɗauki alkawarin zan je garinmu in roƙi iyalan tsohon nan su ba mu gangar, a kai wa baduku ya sa mata sabuwar fata. In akwai yaron da ke son koyo, ya same ni bayan an tashi.

In na yi kuskure ku yafe mini, yaro ne ya yi magana gaban manya. Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya, shi sa albarka a abin da munka girbe, shi kiyaye bisashenmu, shi dawo mana da matafiyanmu lafiya.